Kwalekwalen da Ya Ƙi Juyawa

Wata safiyar Laraba ce a ƙarshen Oktoba, shekarar da na shiga aji biyar na firamare. Ina tsaye a bakin gulbin da ke bayan ƙauyenmu a ƙasar Gummi, ina hango buhunan shinkafarmu takwas jibge a fadamar tsallake. Abincinmu na shekara ke nan. Baba yana kwance da zazzaɓi, sai ƙanen Inna, Kawu Sani, ya zo daga Gwashi don ya taya mu kwaso su. Manomi ne na gaske, amma bai san ruwa ba.

Kwalekwale biyu Baba yake da su. Ɗaya gajere ne, an sassaƙa cikinsa da lanƙwasa kamar ɓawon gyaɗa, gabansa da bayansa duk a ɗage suke daga ruwa. Shi nake tuƙawa in yanko wa awaki ciyawa kafin a buga ƙararrawar makaranta, a cikinsa kuma muke tsere da yaran masunta. Da an tsoma filafili sau ɗaya ya juya, sai dai ba ya tafiya a miƙe, kuma yana rawa har baƙo ya tsorata. Ɗayan dogo ne, ƙasansa a miƙe da ɗan kaifi, yana tsaga ruwa ba karkata. Baba yakan ce, "Wanga dogo na tabki ne. In ka loda shi ya nutsa, gabansa da bayansa duk ruwa ya riƙe, ba ka juya shi a kwana."

Tsakaninmu da fadama kuwa akwai kwana, inda ruwa ke gudu, ga wani kututturen gawo kwance a tsakiya.

Kawu ya taka gajeren, ya ji ya yi rawa, ya yi tsalle ya fito. "Wanga ai ƙwarya ce! Kwance mani dogon, ɗana, mu yi sahu guda." Na san abin da Baba ya faɗa. Amma a gidanmu yaro ba ya gyara wa kawunsa magana, sai na sunkuyar da kai na kwance igiya. A tsallake ya raba buhunan, rabi can gaba, rabi can baya, yadda ake daidaita wa jaki kaya, ya bar tsakiya don mu sami wurin zama. Na san a tsakiya ake sa nauyi don jirgi ya juyu, amma sai na ɗauki filafili kawai.

Da muka iso kwanar na tuƙa da duk ƙarfina, gaban jirgin ya ƙi motsi. Ruwa ya ɗauke mu a gicce ya maka mu a kututturen, jirgin ya kife. Masunta suka tsamo mu, da buhu biyu. Tun kafin bazara rumbunmu ya ƙare, Inna ta riƙa surfe a gidajen maƙwabta ana ba ta awo. Baba bai taɓa tambayata abin da ya sa na yi shiru ba.

Yanzu masassaƙin kwalekwalenmu ya rasu, manyan itatuwan da ake sassaƙawa sun ƙare, yashi ya cike rabin gulbin. Fadamar tana nan, amma saboda 'yan bindiga ba mai tsallakawa ya noma ta. A wancan lokaci shekara ɗaya muka rasa, muka sake shuka. Yau na iya buɗe baki, sai dai babu sauran abin da maganata za ta ceto.