Doña Herlinda da Wutar Don Lampo

Tun kafin masu shara su gama da bakin kasuwar garinmu Comitán, Doña Herlinda Culebro ta riga ta zauna a kan bencin siminti na filin wasannin unguwarmu, tabarau a karan hanci, waya a hannu, kofin kunun masara a gefe. Ba da gaisuwa take farawa ba. Kowa a ƙungiyarta ta masu motsa jiki ya san ƙa'ida: da ka farka, kafin ka sauke ƙafa daga gado, agogon hannunka zai auna bugun zuciyarka, manhajar waya ta kai mata labari. Saboda haka kafin ka iso ta riga ta san wanda ya yi barci da wanda ya kwana rawa a gidan biki. Sai ta ɗago kai ta raba aiki. Wane ya yi sassarfa, wance ta taka da ƙafa, kai kuma da zuciyarka ta tashi da gudu tun kana kwance, koma gida ka sha ruwa, a haɗu gobe. Ba a yi mata gardama, ko an yi ma ɓata baki ne.

A ƙarshen watan nan za ta ajiye wannan aiki. Gwiwoyi sun ce sun gaji, 'yarta kuma ta matsa sai ta koma wajenta a birnin Tuxtla. Shi ya sa na ce ba za ta bar garin nan shiru ba, sai an faɗi abin da ta yi a gaban idonta tana ji.

Nas ce ta sashen masu ciwon zuciya har ta yi ritaya. Abin da ya tsaya mata a rai tsawon aikinta shi ne yadda ake sallamar mutum a ce masa ya riƙa motsa jiki, shi ke nan, kowa ya kama gabansa. Wasu tsoro ya zaunar da su a kujera har su kumbura. Wasu kuma, musamman mazan garin nan masu taurin kai, su fita su yi ta zabga gudu don a ce sun warke, sai a sake kawo su a kwance. Da ta bar asibiti sai ta tattara irin waɗannan ta kai su fili. Da yatsa biyu a wuyan hannu ta fara auna bugun zuciyarsu. Da agogunan nan suka zo, ta zauna ta koyi manhajar tana mita tana dannawa, har ta fi mu iyawa.

Ba ta taɓa yanke wa kowa iyaka da kanta ba. Likitanka ne zai faɗi inda bugun zuciyarka bai kamata ya wuce ba, ita aikinta ta hana ka ƙetarewa. A bayan kowa take gudu, tana jan ka da hira, ta tambaye ka surukarka, ta tambaye ka wa ya saci kazar wa. In ka ba ta amsa kana haki kana gutsuttsura magana, ta kama ka ke nan, sai ta ce ka rage. Samarin da ke wuce mu kamar an biyo su suka laƙaba mana suna Kunkuru. Ita kuwa ta je aka buga mana sunan a riga.

Akwai wata kunya da manhajar nan ta kawo, wadda ba a cika faɗa ba. Duk gudun da ka yi sai ta baje shi, masu gudun gari kaf su gani, a jera sunaye daga mai sauri zuwa na ƙarshe. Mutum nawa suka daina fita don kada a ga sunansu a ƙasa! Doña Herlinda, ke ce kika toshe wannan ƙofa. Kullum sai kin tabbata kowa ya shiga gabanki kafin ki tsayar da agogonki, don sunanki ya zama na ƙarshe. Shekara da shekaru babu ɗan ƙungiyarki da ya taɓa zama kurar baya, kuma ba ki taɓa faɗa wa kowa dalili ba, mu muka lura.

Amma wanda ya fi kowa sanin darajarta shi ne Don Caralampio Gordillo, mai walda, wanda duk gari ke kira Don Lampo. Kowace Disamba unguwarmu na tura tawaga ta ɗauko wuta daga wani coci mai nisa, a kawo ta da gudu ana miƙa wa juna, mota na bin baya da jiniya, a iso da ita cocin Maryamu ta Guadalupe ranar bikinta. Tun yana saurayi Don Lampo ke cikin tawagar, shi ya koya wa rabinsu riƙe sandar wutar. Sai zuciya ta kayar da shi a bakin aiki. Yana gadon asibiti ya yi wa Maryamu bakance: in ya tashi, shi zai ɗauki wutar a zangon ƙarshe, ya hau tudun coci da ita har ƙofa.

Ya tashi kuwa. Likita ya yarda ya motsa jiki, ya yanke masa iyaka, ya ce in ya riƙa ƙetare ta kada ya zargi kowa. Matarsa Doña Eduviges ta ja shi har fili ta damƙa wa Doña Herlinda, wadda dama ita ta tsaya wa 'yarsu ranar baftisma, shi ya sa suke ce wa juna compadre da comadre.

Wata biyun farko mutumin nan kamar an daka shi. Da ya ɗan ɗaga ƙafa agogo ya yi ƙara, ta ce ya taka. Ya ce agogon ne ya lalace. Ta ce ya taka dai. Can kuma sai ya yi laushi ba zato. Ya ce aiki ya yi masa yawa da safe, zai riƙa yin nasa da rana, ta duba a waya. Kullum kuwa manhaja ta nuna tafiya mai kyau, zuciya kwance, ba ko tangarɗa. Mu har mun fara yaba masa. Ita kuwa sai ta buɗe taswirar hanyar da agogon ya bi. Daga gida zuwa rumfar masu tumatir, daga nan layin masu kaji, sannan tsayuwa mai tsawo a shagon gyaran gashi na mata.

Ashe matarsa yake ɗaura wa agogon, ya ce mata don lafiyarta ne, ita kuma baiwar Allah ta yarda. Shi kuwa ya zagaya bayan gari yana hawan tudu da gudu shi kaɗai, ba mai gani ba mai ɗauka in ya faɗi.

Doña Herlinda ta bi shi har shagon waldarsa. Waɗanda ke wurin sun ce ba ta ɗaga murya ba, ta dai nuna masa wayar.

"Compadre, gashin ya yi kyau. A ina aka yi maka?"

Ya ajiye ƙarfen hannunsa, kunya ta kama shi, sai kuma ta koma fushi. "Comadre, gudu na yi alkawari, ba tafiyar tsofaffi ba. Bakancen da bai yi ciwo ba, me na bayar? Kina so in shiga gaban Maryamu ina jan ƙafa?"

"Wuta ka ce za ka kai mata, ba gawa ba," in ji ta. "Kuma kada ka ruɗe ni da zancen ciwo. Gudu ba ya yi maka wuya, tun kana yaro kake yin sa. Abin da ba ka iya ɗauka shi ne yaran da ka koya wa su gan ka kana tafiya a hankali. To ga abu mai ciwo nan. In da gaske kake, shi za ka kai mata."

Washegari dai ya zo fili da agogon a hannunsa, fuska a murtuke, ya shiga sahun Kunkuru. A hankali zuciyar ta saba, sassarfar da a da take tayar da ƙarar agogo ta zama ba komai. Kafin Disamba yana iya zagaya fili yana ba ta labarin ƙwallo ba haki.

Ranar biki aka miƙa masa wutar a gindin tudu. Abin da ba a yi lissafinsa ba shi ne taron. Jiniya na kuka, 'yan badujala na busa, ana harba wutar wasa sama, unguwa kaf na kiran sunansa. Zuciyar da ta natsu a fili ta ɗauki zafi. Doña Herlinda na gefensa da gwiwoyinta marasa lafiya, ido a kan waya. Suna tsakiyar tudu lambar ta kai iyaka, ta ɗan wuce.

"Taka, compadre."

Na ga fuskarsa a lokacin, ina kusa. Ƙofar cocin na can a gabansa, ƙafafunsa na da sauran ƙarfi, mutane na ta ihu ya ƙarasa. Allah ya sani na ɗauka zai fizge. Ya kalli Doña Herlinda, ya kalli taron, sai ya sauke gudun ya fara takawa. Ihun ya mutu. Wani ya yi 'yar dariya, aka harare shi. Hawaye na zuba a fuskar Don Lampo, amma sandar wutar na sama, bai sauke ta ba. Direba ya kashe jiniya. Samarin tawagar suka diro daga mota ɗaya bayan ɗaya suka jeru a bayansa, su ma da ƙafa. Haka aka hau sauran tudun, shi a gaba, har ya tsaya a ƙofa da ƙafafunsa ya miƙa wutar.

Bayan an tashi daga addu'a Doña Eduviges ta riƙe hannun Doña Herlinda a farfajiya, ta faɗi abin da ta ɓoye wa kowa. Ta ce tun farkon makon ta ciro baƙar rigar makoki ta goge ta rataye a bayan ƙofa, don ta san mijinta, ba ta taɓa ganin ya tsaya don wani ya ce ya tsaya ba.

"Yau zan mayar da ita akwati, comadre," in ji ta.

Doña Herlinda, uwar masu tafiya a hankali, mun gode. Ke ce kika tsaya a bayanmu lokacin da kowa ke son gaba. Allah ya huta da gajiya, ya sassauta wa gwiwoyin nan, ya sa Tuxtla ta karɓe ki. Ku kuma da kuka iya karanta lambobin nan, masu ƙarfin ƙafa da dogon numfashi, akwai wani a unguwarku da aka sallamo daga asibiti, yana zaune yana tsoron zuciyarsa ko yana shirin kashe kansa da nuna jarumta. Ku rage gudu ku jera da shi. Akwai matar da ke jiran ya dawo gida.