Azare zuwa Katagum a Motar da Ba Ta Shan Fetur

Ƙarfe biyar da rabi, ana fitowa daga sallar Asuba, na tayar da motata mai aiki da lantarki. Katagum za ni, ɗaurin auren Sadiƙu ɗan marigayi yayana, kuma ni ne wakilin ango. Ƙarfe sha ɗaya aka sa. Goro da alewa suna bayan mota.

Wata uku da sayen motar, babu majalisar da ban ishe ta da wa'azi ba: cajina na wata bai kai fetur ɗin maƙwabcina na mako ba. Gaskiya ne kuwa. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne jiya an ɗauke wuta, batirin ko rabi bai kai ba.

Maiɗakina ta ce, "Malam, ka bi motar haya mana."

Na ce, "In je gaban surukai a motar haya?"

Gadau

Shida da kwata na iso shingen 'yan sanda. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Alhaji, kashe ta ka yi?" Na ce a kunne take. Ya zagaya baya yana neman salansa, ni kuwa kaina sai ƙara girma yake.

Gaba kaɗan na hangi mutanen unguwarmu uku da buhun shinkafa, su ma bikin za su. Ba a wuce na gida a bakin titi, balle mai sabuwar mota. Na kwashe su, har na kunna musu na'urar sanyi alhali gari ko ɗumi bai yi ba.

Sakwa

Bakwai da rabi motar ta fara jan ƙafa, da ƙyar na gangara gaban wani shagon cajin waya. Mai shagon, Malam Buba, ya ce, "Waya nawa ce?"

"Mota ce."

Sai ya ce janaretonsa ba ya tashi da addu'a. Haka na taka wajen 'yan bumburutu na sayo fetur galan biyu, a farashin da ya fi na gidan mai, domin motar da ba ta shan fetur.

Takwas da rabi fasinjojina suka tsayar da motar haya. Babbansu ya ce, "Malam, taho mu tafi, ka bar ta nan." Na ce yanzu za ta cika. Ba mota nake gadi ba, kunyar labarin da za su kai Azare nake ji. Goma da minti arba'in batirin ya ƙara kashi huɗu kacal. Na ɗora goro a cinya na haye acaba.

Katagum

Sha ɗaya da rabi na sauka, babbar rigata ta yi futu-futu, mutane suna fitowa daga masallaci. An shafa fatiha. Liman ya jira ni minti ashirin, daga ƙarshe wani maƙwabci ya karɓar wa maraya aure, ƙanin ubansa yana can yana gadin janareto. Sadiƙu ya durƙusa ya gaishe ni, na kasa kallon idonsa.

Gida

A Sakwa motar ta kwana. Washegari akori-kura ta jawo mu, muka shigo Azare huɗu da kwata na yamma. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Buba da ya ƙi karɓar ko sisi, da maiɗakina da ta kawo mini ruwa ba ta yi mini gori ba.

Ina cire takalmi Sadiƙu ya kira. Na shirya jin ƙorafi, sai ya ce, "Baba, motar dai ta isa lafiya?" Wallahi da faɗa ya yi mini da na fi samun sauƙi.