Gambar Iyaka da Ajin Mushe Isuhu

Shekara takwas ke nan da muka kai Mushe Isuhu makwancinsa. Mushe, wato malam a bakin 'yan boko. Shi ya koya mana darasin share fage na hulɗar ƙasa da ƙasa a jami'a, nan Damagaram. Yau ni ke riƙe da ajin.

Mutumin Zermu ne, bai kuma taɓa ɓoyewa ba. Makon farko ba ya buɗe littafi. Sai ya cusa mu a mota har gonar gidansu, ya nuna layin gamba da ke tsakaninsu da maƙwabci, ya ce, "Ga iyaka. Ta wa ce?" Mu 'yan Birni mu yi ta zuba Faransanci, manoma na ta dariya. Ashe gambar ta su biyun ce. Da kaka tare suke yanka, su raba, kowa ya saƙa zanansa. In rigima ta tashi, dattijo suke aikawa. Daga nan Mushe ke shiga yarjejeniya da jakadanci, sunayen Turawa su biyo baya.

An sha ce masa wannan yawon ƙauye ne, ba ilimi ba. Ko a jikinsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce yau, da ake rufe iyaka ana buɗewa kamar ƙofar shago. Ina da ɗalibin da ya yi wata da watanni bai ga mahaifiyarsa ba, don tana ɓangaren Daura. Wallahi Mushe ba zai yi shiru ba.

Ni ma duk shekara nakan fita da ɗalibai zuwa gonar nan. Watan jiya shugaban sashenmu ya kira ni. "Malama Hadiza, a cire fitar nan daga tsarin bana. In kin ƙi, akwai mai karɓar ajin." Abin ya yi mini ciwo, don tare muka yi ɗalibta, mota ɗaya muka shiga. Na ce, "Shef, amsarka aka fi yi wa dariya ran nan a gonar Mushe. Har ka manta?" Ya sunkuyar da kai, amma bai janye ba.

Allah ya jiƙan Mushe. Bai bar littafi ba, bai bar bene ba. Ya bar mana sanin cewa kakanninmu sun iya zama da maƙwabci tun kafin a rubuto mana shi da wani harshe. Ba da hannuna za a goge wannan ba. In ajin suke so, su zo su karɓa a gaban ɗalibai, su faɗa musu dalili da bakinsu.