Ƙanƙarar Leda a Ɗakin Inna

Bazarar da Inna ta daina shan ruwa, ni ce nake tare da ita a gidanmu na unguwar Dar es Salam a Yamai. Ba don na fi sauran 'ya'yanta tausayi ba, ni ce dai wadda aurenta ya mutu, kuma ɗakina yana kallon nata. Ina koyarwa a wata lakwal ta yara ƙanana, inda ake ce mini metires. Kullum na taso da rana sai in tarar da kofin da na ajiye mata da safe yana nan yadda na bar shi, in ban da ƙuda ɗaya ko biyu da suka yi mata kara suka sha.

Zazzaɓi ta yi a farkon zafin. Zazzaɓin ya tafi, ya kuma tafi da marmarin komai. Tuwo a'a, kunu a'a, furar da ta girma da ita a Dogon Dutsi ma ta ce warin ƙwarya take yi mata. Ruwa kuwa in an matsa mata sai ta jiƙa leɓe, ta miƙo kofin tana godiya kamar wadda ta shanye tulu. Duk wanda ya san Yamai a watan Afrilu ya san ba lokacin da tsohuwa za ta yi wasa da ruwa ba ne. Ƙofar ƙarfe ba ta taɓuwa da hannu, fanka kuma iska mai zafi kawai take juyawa, in ma akwai wutar da za ta juya ta.

Yayana ma'aikacin jinya ne. Ya zo ya kama fatar bayan hannunta ya saki, fatar ta tsaya cak, ba ta kwanta ba sai da ta ga dama. A ƙofar gida ya gaya mini cewa in abin bai sauya ba zai zo da mota ya kai ta asibiti a yi mata ƙarin ruwa, ko tana so ko ba ta so. To, a gadon asibiti Baba ya rasu, kuma tun ranar Inna ta ce ita da wurin nan sun yi sallama. Mu biyun mun san halinta. In aka kai ta ba za ta yi gardama ba, bango kawai za ta juya ta fuskanta, kuma ba da ƙafarta za ta fito ba. Na ji tsoro ƙwarai, ni kuwa tsorona a faɗa yake fitowa, don haka na yi wa Yaya tatas a kan cewa ya toshe mana ƙofa da babur ɗinsa.

Ƙanƙara ce ta faɗo mini a rai, kuma ba wata dabara ba ce, don a cikinta muka tashi. Inna ta yi shekaru tana yin ƙanƙarar leda a konjelate, babban firigon nan mai murfi a sama: ta zoɓo, ta gwaiba, ta lemu, ta mangwaro in lokacinsa ya zo. Rabin yaran unguwar nan da ita suka fitar da haƙori. Mu Kirista ne, amma in azumi ya faɗo a zafi gidanmu ya fi kowane gida cika kafin faɗuwar rana, maƙwabta na aiko da kwanoni, Inna na cikawa. Zabarmancinta bai wuce gaisuwar fofo ba, Hausar wasunsu kuma ta kasuwa ce, amma ban taɓa ganin kwanon da ya koma wani gidan da ba nasa ba.

Sai na ce bari in yi abin a zamanance. Na shiga taksi har unguwar Plato na sayo kwanonin roba na yin ƙanƙara masu sanda, irin waɗanda nake gani a waya. Na biya ta bakin gada wajen otal ɗin Gaweye na zaɓo mangwaro mai tsoka, marar zare. Na fere, na markaɗa, na tace, na matsa lemun tsami, na zuba. Washegari suka fito sumul, kowanne da sandarsa, har na ɗauke su hoto. Na kai wa Inna ɗaya a kan faranti.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Wannan kuma me aka soka wa tsinke? Tsire ne?"

Na yi mata bayani. Ta saurara da ladabi, ta ce Allah ya yi albarka, a ba yara. Yaran maƙwabta suka shanye, suka tafi da sandunan, kwanonin Plato kuma suka tashi daga aiki tun ranar farko. Yanzu gishiri da yaji nake zubawa a ciki.

Na koma ga leda, tunda ita ta sani. Nan fa Inna ta ɗan farfaɗo, amma a baki kawai. Ta sa na kawo tasa da ludayi da mazurari har gaban gadonta, tana kwance tana ba da umarni. Sukari ya yi yawa. Yanzu kuma ya yi kaɗan. Wa ya ce a tace mangwaro sau ɗaya? In na miƙa mata ludayi ta ɗanɗana, da bakin harshe take taɓawa, abin da ko tururuwa ba zai ƙosar ba. Babbar rigimar ita ce ƙulli. Ba a cika leda har wuya, sai a bar wa ruwan wurin da zai kumbura in ya daskare, a matse iska, a murɗe wuyan, a naɗa a yatsa, a zura, a ja sau ɗaya tak. Ta gwada nuna mini, ledar ta suɓuce mata. Ta ce ledar yanzu santsi gare ta. Na ce haka ne.

Na koya kuwa. Mutumin da yake koya wa yara riƙon alƙalami ba zai kasa ƙulla leda ba. Cikin 'yan kwanaki ƙanƙarata ta fara fitowa dunƙule, kai ɗaya, ba ɗigo ba tsaga. Na zaɓi wadda ta fi kowacce kyau, na goge ta da tsumma, na kai mata. Ta karɓa, ta jujjuya, ta duba ƙullin ta sama da ta ƙasa. Ta ce ya yi. A tsawon rayuwata ban tuna ranar da Inna ta ce wani abu nawa ya yi ba, har na fara murmushi. Sai ta miƙo mini, ta ce in kai wa Hajiyar da ke bayan gidanmu, ta ji an ce ba ta jin daɗi.

Zuciya ta ɗebe ni. Na ce mata ni ba don unguwa nake tsayuwa kan mangwaro da rana tsaka ba. Na ce Hajiya tana da 'ya'ya da firigo. Na ce ita ce ba ta jin daɗi, ita ce leɓenta ya tsattsage, ita ce za a ɗauka a mota. Har na ce in so take ta bi Baba ta faɗa mini a fili, in daina wahalar da kaina. Inna ta bari na gama tsaf.

"Rage murya, metires," ta ce. "Ba a aji kike ba."

Na kai wa Hajiya ƙanƙarar. Ta yi ta sa albarka, ta ce hannun uwar ne sak, ta kuma tambaya ko akwai ta zoɓo.

Da yammacin nan Yaya ya bugo waya ya ce ranar Asabar zai zo da motar. Na ce to. Na shiga kicin da haushi na ƙulla sauran mangwaron, ina cika kowace leda har wuya, ina jefawa a konjelate wata kan wata ba tsari, duk abin da aka koya mini na yi watsi da shi. Washegari aka ɗauke wuta tun safe, ba ta dawo ba sai da rana ta kusa faɗuwa. Abin da ya fara daskarewa ya narke, na sama ya danne na ƙasa, sannan duka suka sake daskarewa tare. Da na ɗaga murfin da safe, babu sauran ƙanƙarar leda. Dutse ɗaya ne rawaya ya manne a gindin konjelate, ledoji sun leƙo daga cikinsa ta ko'ina.

Na ɗauko wuƙa na yi ta sara, ina zare ledojin, ina tara ɓarɓashin a tsohon kwanon sha, ina zagin wuta da leda da mangwaro da wanda ya dasa shi. Da kwanon ya cika na nufi waje. Hanyar kuwa ta ƙofar Inna take.

"Ina za ki da shi?"

Na ce zubarwa zan yi, ya lalace.

"Zubarwa? Mangwaro da sukari, a gidan nan? Kawo cokali."

Na kawo cokali. Ta sa na tashe ta zaune, ta ɗora kwanon a cinya, ta fara sha tana faɗa. Ta ce mu yaran yanzu ba mu san zafin abu ba. Ta ce ta gaya mini kada in cika leda, amma ni mai ilimi ce. Cokali na shiga, faɗa na fita. Da ta kai ƙasan kwanon ta ɗaga shi ta shanye ruwan da ya narke, ta share baki, ta ce lemun tsami ya yi kaɗan. Ina tsaye ban ko motsa ba, don kada ta lura da abin da ta yi.

A tsayen nan na laluba ƙuruciyata kaf, ban sami rana ɗaya da na ga Inna ta ciji kusurwar leda mai kyau ba. Mai kyau ta mutane ce. Abin da na tuna shi ne bayanta, ta sunkuya cikin konjelate bayan kowa ya watse, tana kankare waɗanda suka fashe a ɗan kwano, tana sha a tsaye. Mu a lokacin mun ɗauka shara take yi. Ashe rabonta ke nan, kuma tsufa da ciwo ba su sa ta ga dalilin da za ta ci na mutane ba.

Daga ranar na shiga sana'ar ɓata ƙanƙara. Abin ya fi wuya fiye da yadda ake zato, don hannun da ya iya ƙulli ba ya son mantawa. In na sassauta, wani lokacin sai ledar ta ƙi zuba don neman magana. In na cika, sai ta daure ta ƙi fashewa. Daga ƙarshe allurar ɗinki ce ta raba gardama, huda biyu a gindi, a kwantar a tasa, da safe ka samu abin tausayi. Dole kuma in riƙa yin masu kyau da yawa, don a ga asarar tsautsayi ce, saboda haka yaran unguwa suka yi bazarar da ba su taɓa yin irinta ba. Kowace safiya da kowace yamma sai in ratsa ta ƙofarta da kwano ina tsaki, ina cewa ledar bana ba ta da kirki. Ita kuma ta ce kawo cokali. Na ƙara ruwa a haɗin, na rage sukari, na sa ɗan gishiri kamar yadda Yaya ya taɓa faɗa. Ta ce hannuna ya lalace, ta shanye.

Ranar Asabar Yaya ya zo da motar, ya tarar tana tsakiyar kwano tana ba da tarihin sakacina. Na ja shi gefe na raɗa masa. Mutum ne marar wasa, amma ya koma ciki ya ɗaga wata fasasshiyar leda, ya girgiza kai, ya ce lallai kamfanonin yanzu ba su da tsoron Allah. A waje ya ce ya ɗaga tafiyar, bai soke ba. In ta ci gaba, shi ke nan. In ta gane ta daina, to, motar na nan.

Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne, mai shan ruwa yana samun ƙarfi. Na saba da Inna a kan gado har na daina rufe ƙofar kicin. Wata rana da la'asar ina zaune a kan kujerar tsugunno, tasa a gabana, leda a hagu, allura a dama, na huda ɗaya na ajiye, na ɗauki ta biyu, sai na ga hasken ƙofa ya ragu. Tana tsaye, ta dafa bango da hannu ɗaya, ɗaurin zaninta a karkace. Rabon da ta taka har nan tun kafin zazzaɓin. Ban san tun yaushe take kallona ba, amma ruwan mangwaro na ɗiga daga ledar zuwa ƙafata, allurar kuma ba ta da inda za ta ɓuya.

Na san Inna da ƙin a yi mata wayo, na kuma san abin da zai biyo baya in ta ce ta daina.

Ta ƙaraso a hankali, ta zauna a kan buhun gero, ta huta. Ta ɗauki wadda na huda, ta juya gindinta, ta matsa kaɗan, ruwa ya yi tsartuwa ta ƙofa biyu. Ta dubi masu kyaun da na jera gefe ɗaya na mutane. Ta mayar da ledar cikin tasa, ta lashe yatsanta.

"Gobe ta tsamiya za ki ɓata," ta ce. "Mangwaron ya ishe ni."

Na ce to, Inna. Na tashi na ba ta baya, na yi ta neman tsamiya a kwandon da na san albasa ce kawai a ciki, har sai da idona ya bushe.