Alkamar Da Na Dafa A Ɗakin Bautar Uwargida

Edita, ni dai tun ina saurayi wawa ne mai ganin kansa mai wayo, kuma boko aji biyu na yi aka kore ni saboda tsokana. Lokacin da Yola take ƙarƙashin Jihar Arewa maso Gabas, ina aikin kuku a Jimeta a gidan wani malamin sakandare ɗan Indiya. Matarsa tana da wani ɗan ɗaki da ba a shiga da takalmi. A ciki akwai hoton wata mace mai hannu takwas a kan zaki, kowane hannu da makami, in ban da guda ɗaya da ta buɗe tafinsa. Da gurguwar Hausarta ta gaya mini Uwa suke ce mata, makaman na kare 'ya'ya ne, buɗaɗɗen hannun kuma yana nufin kada ka ji tsoro. Ni kuwa duk inda na tsaya sai in ga idanun hoton suna bi na.

Uwargida tana da ciki wata bakwai, bayan ɓari biyu. Da bikinsu na kwana tara ya zo, ta shuka alkama a kaskon ƙasa gaban hoton, ta ce in ta fito koriya shar, Uwa ta karɓi roƙonta. Kullum da safe sai ta durƙusa ta leƙa kaskon. Ni kaɗai ta yarda in shiga in yi shara. Na ba abokaina labari a teburin mai shayi, wani bappana ya ce in fita harkar abin da ba nawa ba, na yi masa dariya. Washegari maigida da uwargida suna asibiti, na zuba wa kaskon tafasasshen ruwa, wai in ga ko mai hannu takwas za ta riƙe nawa guda.

Kwana tara ko tsiro babu. Matar ta daina cin abinci, ta daina magana, sai zama gaban kaskon. Ina dafawa ina kwashewa, bakina ya yi nauyi saboda tsoron kora. Kafin wata ya ƙare ta haifi ɗa namiji bai zo da rai ba. Ni Musulmi ne, na san rai a hannun Allah yake, hoto ba ya kashe kowa. Amma fargabar da ta cinye baiwar Allah nan ni na dafa ta da hannuna. Jama'a, ko ba ku yarda da abin da mutum ya jingina zuciyarsa a kai ba, kada ku taɓa masa, don ba ku san abin da zai faɗi tare da shi ba.

Ranar da za su koma ƙasarsu, na ɗora akwatunansu a mota, ta dube ni ta ce, "Kuku, kai ka yi mini kirki. Ni ce Uwa ba ta so."