Yadda Muka Shigar da Rana Ɗakin Kaka a Bauranya

Ana idar da sallar asuba muka bar gida a Kankia, ni da Inna, ƙanwar mahaifiyata, da maigidanta, garin bai gama wayewa ba. Su sun ɗauki ƙunshin tsaraba, gishiri da kanwa da sabulu. Ni kuwa abu ɗaya na rungume, ɗan baƙin akwatin ɗaukar hoto, na naɗe shi da tsohon ɗankwali. Ku ƙawayena da muka yi makaranta tare kun matsa in ba ku labarin wannan tafiya, to ga shi, amma sai na fara gaya muku dalilinta.

Ina da kawu, yayan mahaifiyata, wanda ya tafi fataucin goro Kumasi tun ban iya tafiya ba, ya zauna can. Watan jiya fatake suka kawo mana wasiƙarsa tare da wannan akwati. Wani ne ya rubuta masa, domin idanunsa sun fara yana. Ya ce yanzu idan mutum yana bakin ƙofa ba ya gane shi sai ya yi magana, kuma likita ya gaya masa abin gaba yake yi. Bai roƙi komai ba sai abu ɗaya: tunda an ce ni ce mai ilimin boko a gidan, in je Bauranya in ɗauko masa fuskar mahaifiyarsa, wato Kakata, ya gan ta tun yana iya gani.

Ban taɓa riƙe irin wannan akwati ba. Wata Baturiya mai zagayen duba makarantu ce ta nuna mini a cikin rabin sa'a, ranar da ta zo ajin da nake koyar da 'yan mata. Ta ce rana ta kasance a bayana, in manna akwatin a cikina, in leƙa ɗan madubin da ke samansa, in riƙe numfashi, sannan in danna. Ta kuma nuna mini wani ɗan ƙarfe a gefe, wanda in an ja shi idon akwatin zai zauna a buɗe har sai an sake shi, don wurin da haske bai isa ba. Fim ɗin da ke ciki hoto takwas yake ɗauka. Biyar na ɓata wajen koyo, ɗaya daga cikinsu ma akuyar maƙwabta ce ta shigo gaban akwatin ta cika hoton. Saura uku, kuma ba a sayar da fim sai Kano.

Mun sami motar masu sayen gyaɗa da za ta Kafinsoli, sisi sisi kowa. An ba mu gaba ni da Inna, maigidanta ya hau baya kan buhunan wofi. Ƙarshen damina ne, hanyar duk ta zaizaye, motar tana tafiya tana rangaji kamar tsohuwa ɗauke da tulu. Amma ƙasar ta yi kyau. An karya gero an jera a gonaki, dawa ta sunkuyar da kai, raɓa na kan ciyawa tana ƙyalli. Na lura tun da na fara riƙe akwatin nan idona ya canza. Ba na iya kallon bishiya ba tare da na tambayi kaina ta ina rana ta faɗo mata ba.

A Kafinsoli muka sauka da hantsi, muka zauna gindin tsamiya muna jiran jakunan da aka yi mana alkawari. Wasu matan Fulani suka sauke ƙorai kusa da mu, muka sayi fura da nono na kwabo kwabo, nonon mai kauri har ludayi na tsayawa. Ɗaya daga cikinsu ta ga ina lallaɓa ƙunshina, ta ce in buɗe ta gani. Da ta ga akwatin sai ta kira sauran, ta ce ai ta san shi, shi ne mai waƙa da ta taɓa ji a gidan hakimi. Suka kewaye ni suna jira in sa shi ya rera. Na yi bayani har na gaji. Daga ƙarshe babbarsu ta tashi ta ɗauki ƙwaryarta, ta ce wa 'yan'uwanta nawa ƙarami ne, bai kai ga fara magana ba.

Daga nan jaki ne. Wanda bai hau jaki wuni guda ba bai san yawan ƙasusuwan da Allah Ya yi masa ba. Mun ratsa ƙoramu biyu da ruwa iya gwiwa, ni ina ɗaga akwatin sama da kaina, ban damu da zanena ba. Mun yi azahar a Kusada, inda muka tarar da 'yar kasuwa tana ci, ga sabuwar gyaɗa dafaffiya da rake da ɗanyar kuɓewa, komai araha fiye da Kankia. Muka sayi goro na toshin Kaka, muka wuce. La'asar sakaliya muka shiga Bauranya, shanu na komawa gida, hayaƙin girki ya kwanta a kan rumbuna.

Kaka ta tsufa fiye da yadda na bar ta, amma bakinta na nan. Tana ganina ta ce, “A'a, Malama 'yar boko, an tuna da mu? Ko mijin ne har yanzu ba a samu ba, aka zo in ba ki nawa lalle?” Muka yi dariya, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu. Sai da aka ci aka wanke hannu na fito da wasiƙar na karanta mata. Ina karantawa tana tsintar wani abu a tabarma wanda babu shi.

Kun san kawun nan nawa shi ne ɗanta na fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama ta dube shi a gaban mutane ba. In dole ta ambace shi sai ta ce mutumen Gwanja, wato ƙasar goro. Da na gama, ta ce, “To, Allah shi ba shi lahiya.” Na ce, “Kaka, gobe da hantsi sai ki fito tsakar gida ki zauna, in ɗauka.” Ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce, “Ni? In hito tsakar gida, gaban surukai da jikoki, in zauna ina buɗe ido don mutumen Gwanja? Mi za a ce da ni a garin nan? Ke boko ya cire miki kunya, ni ban shiga ba.”

Inna ta roƙa, maigidanta ya sa baki daga bakin ƙofa, ta ƙi. Ni dai hawaye ya cika mini ido, ina tuna mutumin da ke can yana ƙirga kwana. Can sai Kaka ta gyara zama ta ce da bango, ba da ni ba, “Gadon ƙarhen ga dai shi ya aiko da shi bara waccan. In mutum shina son ya ga ko kayanshi sun iso, ana iya ɗaukar mishi hoton gado. In an ishe ni zaune bisa, ai ɗakina ne.”

Washegari na shiga ɗakin da akwatina. Ɗakin ƙasa ne mai ƙofa ɗaya, ga rumfa a bakinsa, babu taga sai wata 'yar kafa da ko kyanwa ba za ta bi ba. Na leƙa madubin akwatin, ban ga komai ba sai baƙi. Aka kunna fitilar ƙwai, aka ƙara aci-balbal biyu, duk suka zama kamar taurari uku a cikin rijiya. Na roƙi a jawo gadon bakin ƙofa, Kaka ta ce gadonta ba ya yawo.

Na fito na zauna kan turmi ina kallon tsakar gida, inda rana ke zube a banza kamar ruwan da ba mai tara. Wata daga cikin surukan gidan tana wanke tasa a bakin randa. Ta karkata ta, sai wani haske ya yi tsalle daga cikinta ya faɗa kan katanga, ya yi rawa, ya ɓace. Na ce ta sake. Ta sake, ya dawo. Na ce ta juya shi wajen ƙofar Kaka. Ya bi ta ƙarƙashin rumfa ya shige ɗakin kai tsaye, ba sallama.

Kafin a jima gidan ya kaɗe. Kowace mace ta shiga ɗakinta ta sauko da kayan jerenta, tasoshi da farantan tagulla da aka yi shekaru ba a taɓa ba. Aka jiƙa tsamiya, aka kwaso toka, muka zauna muna gogewa har kowa na ganin haƙoranta a ciki. Wata amarya a maƙwabta ta aiko da madubinta babba, da sharaɗin in ya fashe a biya ta da saniya. Na tsayar da mata biyar a cikin rana, kowa da abin da ta riƙe, na nuna musu yadda za su karkata.

Nan na yi kuskuren farko. Na sa suka auna fuskar Kaka. Haske biyar suka faɗa mata lokaci guda, ta rufe ido da hannu biyu ta ce, “Ke ɗiyar nan, makaho ɗaya bai ishe ku ba a gidan?” Na ba ta haƙuri. Na gane hasken yana bukatar wurin da zai fara sauka ya huce, kamar yadda ake fifita kunu, sannan ya iso gare ta. Farin ƙyalle babba nake so, in rataya a gefenta. Aka duba gidan kaf, zannuwan duk baƙaƙe ne na rini ko masu ratsi, maza kuma sun tafi gona da rigunansu.

Sai Kaka ta ce wa Inna, “Jawo mini adudun ga na ƙarƙashin gado.” Inna ta jawo, ta buɗe, ta tsaya. Farin saƙi ne a naɗe, yana ƙamshin turaren wuta. Ni ma na gane shi. Likkafaninta ne, wanda ta kaɗa zarensa da hannunta ta kai wa masaƙi tun shekarun baya, ta ajiye. Inna ta ce, “Haba Iya, wannan kuwa?” Kaka ta ce, “Tuhwa ne. Ya daɗe shina kwance ba aiki. Ku rataya.”

Muka ɗaura shi da igiya daga azara zuwa ƙusar bango. Matan suka juya tasoshinsu kansa. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ɗakin ya cika da wani haske mai laushi, launin man shanu, ba mai zafi ba. Na ga zanen da ke kumatun Kaka, na ga furfurar da ta leƙo daga ɗankwalinta, na ga jijiyoyin hannunta. Tun da nake ban taɓa ganinta sosai haka ba.

Da yake idon akwatin zai daɗe a buɗe, ba a riƙe shi a hannu. Aka kife turmi a tsakiyar ɗaki, na aza shi a kai, na tokare da ɓawon gyaɗa har ya daidaita. A hoto na farko, Inna na tsaye a bayana, Kaka ta kafa ido a ƙasa. Na biyu, ta juya tana kallon bango, kuma ina cikin ƙirga wani gajimare ya rufe rana, ɗakin ya mutu. Saura ɗaya. Muka zauna jiran gajimaren ya wuce, matan waje suna kukan hannu ya gaji, ɗaya tana cewa tuwonta zai makara. Na ce wa Inna ta fita ta karɓi madubin amarya. Ɗakin ya rage daga ni sai Kaka. Da rana ta dawo na ce, “Kaka, kada ki motsa. Ni ma ba zan dube ki ba, yatsana zan duba.” Na sunkuyar da kai, na ja ƙarfen, na ƙirga shida a hankali, na saki.

Ta ce, “An gama?” Na ce an gama. Ta ce to a naɗe mata kayanta a mayar, kuma a ba matan nan goro. Na tambaye ta ko tana da saƙon da zan rubuta. Ta ce, “Ki ce gida lahiya.”

Kwana biyu muka yi muka juyo, ta hanyar da muka bi, sai dai a Kafinsoli ba mu sami mota ba, muka ƙarasa Kankia a kan jakunan. Na ba wani direba amintacce fim ɗin ya kai wa mai wanke hoto a Kano. Kwana goma sha ɗaya ina koyar da yara lissafi hankalina na kan titi.

Shekaranjiya ambulan ya iso. Na farko ya fito, amma saman ɗankwali ne kawai da gado. Na biyu duhu ne. Na uku na daɗe ban iya ajiye shi ba. Kaka ce zaune, hannuwanta a cinya, ta ɗago kai tana duban idon akwatin sosai, ba kunya, ba kauda kai, bakinta kamar za ta yi magana. Mahaifiyata ta karɓa ta duba, ta ce ita dai tun da ta yi wayo ba ta taɓa ganin Iya ta dubi Kawu haka ba.

Na tafi ina zaton aikin na akwati ne, na dawo na san akwatin shi ne ƙarami a ciki. Haske abu ne da ake ɗauka a kai inda babu, in an sami masu riƙewa, kuma wanda ya ƙi fitowa rana ba lallai ne ba ya so a gan shi ba. Jiya na kai hoton gidan waya da kaina, don fatake suna daɗewa a hanya. A bayansa na rubuta saƙonta da manyan baƙaƙe, kalma biyu, yadda ta faɗa. Ma'aikacin ya ce mako uku zai kai Kumasi. Ku taya ni addu'a ya tarar da sauran haske a idon Kawu.