Ranar da Na Ga Yadda Na'ura Ke Cewa A'a

Ni ba mutumin na'ura ba ne. Ban gama firamare ba mahaifina ya ɗauke ni ya kai ni kara, wurin cinikin shanu, can kuma na tsufa. Wayar da ke aljihuna, kira da amsawa kaɗai na iya da ita. Don haka abin da zan faɗa, yadda na gan shi zan faɗe shi. Wanda ya fi ni sani ya gyara.

Ɗiyata ta biyu ta gama sakandare, ta ce aikin ungozoma take so ta koya. Ban hana ba, ban kuma yi rawar jiki ba. Shekarun nan sun gajiyar da ni. Makarantar ba ta karɓar takardar neman shiga a hannu, sai ta intanet, mu kuwa a Maradun sabis yakan leƙo ne ya koma. Dole sai Talata Mafara. Duk wanda ya san hanyar nan a ɗan tsakanin nan ya san ba a hawanta don shan iska, balle da ɗiya mace a bayan babur. Mun je, abu ya ƙi. Mun koma, ya sake ƙi. Ranar da za a rufe karɓa, tun a ƙofar gida na gaya mata gaskiya.

"In ya ƙiya yau, ya ƙiya ke nan. Ba ni ƙara ɗora ki bisa hanyar ga."

Ta ce, "To, Baba." Ta gyara hijabinta ta hau.

Shagon intanet ɗin yana kusa da tasha. Mai shi mutumin Bakura ne, mai haƙuri, yana da kwamfutoci a jere jikin bango da janareta mai tari a waje. Ya zaunar da ita, suka cika komai, suna, gari, hoto. Duk wannan yana tafiya lafiya. Sai an danna na ƙarshe, wanda zai aika, abin ya ɗan juya ya juya, fuskar kwamfutar ta yi fari. Suka sake daga farko. Fari. Har azahar ta gota.

Mai shago ya juyo gare ni. "Alhaji, ba daga nan ba ne. Su sunka ƙi. Na'urarsu ce ke katse mu. Ƙila sun cika."

Na dubi rana ta ƙofar shago. Ina so la'asar ta same mu a gida. Na ce mata ta tattara takardunta. Ba ta yi kuka ba, ta dai ɗauki lokaci wajen sa su cikin leda, tana daidaita gefensu da yatsa.

Nan ƙanin matata ya shigo. Mutum ne da ya kai arba'in, da tumbi da gilashi, yana aikin ja wa ofisoshi wayar intanet a Gusau. Ya zo gaida tsohuwarsu ne, yayarsa ta kira shi ta gaya masa inda muke. Ni da shi ba mu taɓa magana ba tsokana a ciki ba. Muka gaisa, gida, iyali, gajiya, hanya, kasuwa, har muka ƙare, sannan ya ce:

"Mai shanu, an ce saniya ta kwanta ta ƙi tashi."

"Ku kunka ƙera ta, Injiniya. Sun ce ba su so. Mu za mu gida."

"Wa ya ce ba su so?"

"Makaranta."

"Ka ji da kunnenka?"

Na ce ba ni da lokacin wasa. Ya ce in ba shi gwargwadon shan shayi guda. Ya ciro tasa kwamfutar daga jaka, ya roƙi mai shago ya ba shi waya ɗaya daga cikin waɗanda ke bin bango, ya cusa. Na zaci zai shiga kwance-kwance ko ya buga wa wani babba waya. Bai yi ko ɗaya ba. Ya buɗe wani shafi a gefe, ya ce wa ɗiyata ta zauna ta cika a kan tasa, yadda ta saba, ya harɗe hannuwa.

Na ce, "Aikin ke nan?"

"Aikin ke nan. Ba ni tambayar kowa komi. Saurare nike."

Da ta fara dannawa, shafin nan na gefe ya cika da layuka, suna gangarowa kamar tururuwa. Ya ce in matso. Na ce ban iya karatun boko mai gudu ba. Ya ce ba karatu zan yi ba, kallo zan yi. Ya sa yatsa a kan layuka uku na sama. Ya ce wannan na'urarmu ce ta yi sallama. Wannan ta makaranta ce ta amsa. Wannan kuma tamu ce ta ce ta ji amsar. Ba sa fara wata magana sai sun yi wannan.

Na dube shi in ga ko zolayata yake. Ba ya dariya. Wato duk zaman da nake yi a bencin nan ina jin haushin ƙarfe da roba, a cikin wayar nan ta bango gaisuwa ake ta yi, ana amsawa, da saurin da ido bai kamawa.

Ta danna na ƙarshe. Fuska ta yi fari. A gefe kuwa, layi ɗaya ya fito ja.

Ya ce, "Ga shi nan. Wanga shi ne a'a. In na'ura za ta yanke magana ba sallama, ɗan saƙon ga take jefowa. Ba komi cikinsa, sai dai na rufe, kar ka ƙara."

Mai shago ya leƙo ta kafaɗarsa. "Ka gani? Ga adireshin makarantar nan jikinsa."

"Na gani. Dakata."

Ya buɗe jan layin, ya buɗe wani daga cikin na baya, ya ajiye su gefe da gefe. Sannan ya yi mini bayani a hankali, kamar mai ba maras lafiya kunu. Ya ce kowane saƙo in zai bar gida, na'urar da ta aiko shi tana ba shi wata lamba, kamar guzuri. Duk zangon da ya ratsa a hanya, sai a cire ɗaya. An yi haka ne don kada saƙon da ya ɓata ya yi ta yawo har abada. Ya ce na'urori dangi-dangi ne, gwargwadon tsarin da aka zuba musu a ciki, kuma kowane dangi da yawan guzurin da ya saba bayarwa. Dangin manyan na'urori irin na makarantu, da yawancin wayoyin hannu, sittin da huɗu suke bayarwa. Dangin kwamfutocin ofis irin na wannan shago, ɗari da ashirin da takwas.

"Dubi amsar sallamar da makaranta ta yi ɗazu. Hamsin da 'yan kai. Ta baro gida da sittin da huɗu, hanya ta ci saura. Ta sha tahiya. Yanzu dubi a'ar."

Wannan kam na iya karantawa. Ɗari da ashirin da takwas. Cif.

"Ba a ci ko ɗaya ba," in ji ɗiyata. Ita ce maganarta ta farko tun da ya shigo.

"Ko ɗaya, ɗiyata. Kuma ba danginsu guda ba."

Ya nuna wasu wuraren da ban riƙe ba. Wani gurbi da dangi ɗaya ke barinsa wofi, ɗayan kuma ya sa ƙidaya a ciki. Ya ce waɗanda suka ƙera su sun yi yarjejeniya a kan cewa za a iya yanke magana, amma ƙananan abubuwa irin waɗannan an bar wa kowa ya yi yadda ya ga dama, kowa kuwa ya yi nasa daban. Ya ce mai son ɓoye kansa yakan gyara sallamarsa ta yi kama da ta wani. Wurin ƙi ne ba a cika tunawa a gyara ba.

Na san wannan a kara. Akwai dillalin da zai je ya tsaya bayan garke, ya dawo ya ce maka mai saniya ya ce albarka, alhali bai ko isa wurinsa ba. Sai dai mu a can zato muke yi, mu kalli ido, mu kalli ƙafa ko ta yi ƙura. Wani lokaci mu dace, wani lokaci mu zargi mai gaskiya. Nan kuwa ga shi a rubuce jikin maganar kanta, nisan da ta yi da gidan da ta fito, ba tare da mai aikowa ya yi niyyar faɗa ba. Kuma ba yau aka fara ba. Haka yake tafiya a kowace waya da ke ratsa garin nan, dare da rana, ina wucewa ta ƙarƙashinsu da shanu ban sani ba. Na ce Allah mai iko, a hankali, don ni kaɗai.

Mai shago ya ce, "To wa ke nan?"

"Wadda babu zango tsakaninmu da ita. Ina intanet ɗinka ke shigowa?"

Ya nuna wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin teburinsa, an ɗora mata butar shayi. Ta cikinta sauran suke samu. Ya ce wanda ya haɗa masa shagon ya sa mata wani tsari mai gadi, don ya hana samari shiga wuraren banza. Ƙanin matata ya ce to mai gadin ne ya ga wani abu a saƙon ƙarshe bai gane ba, ya ari sunan makaranta ya ce a'a a madadinta. Ita makarantar tana can tana jira.

Mai shago ya dafe kai. "Wallahi ban sani ba, Alhaji."

Na ce, "Na san ba ka sani ba. Cire butar."

Suka zare waya daga tsohuwar kwamfutar, suka haɗa kai tsaye da akwatin da ke kawo intanet. Ɗiyata ta sake cikawa. Ta yi kuskure a sunan gari ta goge. Ni ban kalli inda take kallo ba. Shafin gefe na zuba wa ido, ina jiran ja. Layuka suka gangaro, suka gangaro, suka tsaya. Ba ja. Kawunta ya nuna na ƙasa ya ce waɗannan sallamar rabuwa ce, kowane ɓangare ya ce ya gama, ɗayan ya amsa.

Injin buga takarda ya yi ƙara a lungu, ya turo farar takarda da hotonta a kusurwa. Ta ɗauka da hannu biyu, tana da ɗumi, ta miƙo mini. Na ce ta karanta mini. Ta karanta sunanta, da nawa, da ranar da za ta je jarrabawa.

Kawun ya naɗe wayarsa yana cewa ladarsa ƙafar saniya ce, kuma ba ta tsohuwar saniya ba. Na ce ya zo Maradun ya ɗauka da kansa in yana da zuciyar hawa hanya. Muka yi sallama a gurguje, don rana ta karkata.

A bakin babur ta tsaya, takardar na cikin leda a ƙirjinta.

"Baba, jarrabawar a Gusau ce."

Na buga babur ya tashi. Na ce, "Na ji. Hau. Ni zan kai ki."